Wa Zai Zana Mana Gizo? Lacca a Kan Zane da Haɗa Littafin Hotuna na Yara

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, shugabannin makarantun firamare da suka taso tun daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da ku ƙannenmu masu koyon aikin malanta a nan Gumel, barkanku da zuwa, Allah ya saka da alheri. An nemi in yi magana a kan yadda ake zana hotunan littattafan yara, da kuma inda mai zane yake samo abin da yake zanawa. Tambayar da aka fi yi wa masu wannan sana'a ke nan: daga ina basirar take sauko muku? Mutane suna zaton mai zane yakan shiga ɗaki ne ya rufe ƙofa, ya lumshe ido, sai hoto ya faɗo masa. Baiwa dai daga Allah take, babu musu. Amma abin da hannu yake zubawa a takarda, ido ne ya tara shi tun da farko, a kasuwa, a gona, a bakin rijiya, a ƙofar fada ranar hawan salla. Wanda bai iya kallo ba, ko hannunsa ya kai ina wajen ƙwarewa, abin wasu zai yi ta kwafa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne abin da muke miƙa wa yaro ɗan shekara shida ranar da ya fara shiga aji. Yaron nan ya taso a ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Ya san rumbu, ya san amalanken shanu, yana bambance gero da maiwa tun suna tsaye a gona, yana iya faɗa maka akuyar da ta kusa haihuwa. Sai mu buɗe masa littafi, ya ga gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, ya ga tuffa, ya ga yaro da kare a kan gado. Ba ina cewa kada ya san duniyar wasu ba ne. Zai san ta, kuma ya kamata. Amma koyon karatu aiki ne mai nauyi ga ƙaramin yaro: ana so ya gane cewa waɗannan baƙaƙe da wasula suna nufin wani abu da ya riga ya sani. Idan hoton ma baƙo ne gare shi, mun ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya. Akwai kuma wani saƙo da yake karɓa ba tare da kowa ya furta ba, wato cewa abin da ya cancanci shiga littafi yana can wani wuri, ba a garinsu ba.

Mu ba baƙin zane ba ne. A cikin jihar nan tamu, a Birnin Kudu, akwai duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka rayu tun kafin kakannin kakanninmu suka zana shanu a jikin dutse, da ƙahoninsu da tsayuwarsu. Makiyayi ne ya dubi dabbarsa har ya san ta, sannan ya zana. Ku dubi kuma alaramman da yake rubuta Alƙur'ani da hannu: baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, sannan ga zayyanar da yake yi a gefen shafi don nuna hizifi ko sujada, kowace da siffarta. Mutumin nan ya san nisan da ya kamata a bari tsakanin layi da layi, ya san inda ido yake bukatar hutu. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya yi suna a kan wannan har aka riƙa buga rubutun hannunsa ana sayarwa. Ga allon zayyana na ranar sauka. Ga aska takwas a gaban babbar riga, ga zanen hula, ga ƙwaryar da aka yi wa ado da wuƙa mai zafi, ga lallen amarya, ga adon bangon gidajen Zariya da Kano da na unguwar Birni a Damagaram, maƙwabtanmu na arewa. Ga kuma mai zanen bayan manyan motoci, wanda yake zana zaki da dawisu ba tare da ya taɓa shiga ajin zane ba. Hannu muna da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kai wannan hannu cikin littafin yara.

An taɓa kama hanyar. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan daga 1937 ta fara fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan za su iya tuna zane-zanen baƙi da fari na cikin waɗannan littattafai da na Ka Koyi Karatu, ko da sun manta jimlolin da ke ƙarƙashinsu. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni har littafi shida. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗaliban zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarun da Turawa suke koya musu amma su gina a kan zanen gidajen iyayensu. Uche Okeke ya koma ga zanen jiki da na bango na matan Ibo, ya fitar da layinsa daga can. Wannan shawara tasu ita nake so mu ɗauka, domin mu ma zanen gidajen iyayenmu yana nan.

Kafin in shiga cikin aikin, akwai abin da na san yana ran wasunku, kuma bai kamata a tsallake shi ba: hukuncin zana abu mai rai. Fatawa ta malamai ce, kuma ga su nan a gaba. Abin da zan iya faɗa shi ne, malamai sun yi saɓani a kan hoton da ba shi da inuwa, kuma da yawa sun yi rangwame a kan abin da aka yi don koyar da yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, take wasa da su. Babu wanda yake zancen zana annabawa ko sahabbai. Wannan iyaka ce da ba a kusantar ta. Ga kuma wani abu daga tarihi. Maƙamatul Hariri, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu har yau, an yi masa kwafi a Bagadaza a shekarar 1237 wanda Yahaya al-Wasiɗi ya rubuta da hannunsa kuma ya yi masa hotuna kusan ɗari. Yana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Faris. A cikinsa akwai hoton garken raƙuma, wasu sun sunkuya suna kiwo, wasu sun miƙa wuya sama, wata mata tana kora su da sanda. Duk wanda ya ga wannan hoto ya san mai shi ya daɗe yana tsaye cikin raƙuma. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da zana fuska ba, akwai hanya: a bar fuskar babu ido da baki, a bar jiki ya yi magana. Yarinyar da ta yi laifi ana gane ta daga yadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Wannan ya fi zana fuska wuya, kuma mai zanen da ya iya shi ya ƙware.

To, mene ne littafin hotuna? Ba littafin da aka gama rubutawa aka ce a yayyafa masa hotuna don ado ba ne. Littafi ne da rubutu yake ɗauke da rabin labarin, hoto yana ɗauke da sauran rabin, kuma idan ka cire ɗaya labarin ya rushe. Wata Baturiyar Ingila, Pat Hutchins, ta fitar da wani ɗan littafi a 1968 mai kalma 32 kacal. Rubutun yana cewa ne kawai wata kaza ta fita yawo, ta bi nan ta bi can, ta dawo gida. Ko sau ɗaya bai ambaci yanyawa ba. Amma a kowane hoto ga yanyawa nan tana bin kazar a baya, tana kai sura tana faɗawa cikin wahala, kazar kuwa ba ta ma sani ba. Babba mai karantawa yana bin baƙaƙe, yaro yana bin hoto, sai ya zama yaron ya san abin da rubutun bai faɗa ba. Ku duba irin daɗin da wannan yake yi wa yaron da bai iya karatu ba tukuna: shi ne mai sirrin.

Bari mu gina namu a nan, mu ga yadda ake yi. A ce wata yarinya, mu kira ta Ladidi, ta bi babanta kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a kan amalanke, tare da 'yar jar akuyarta. Suna isa akuyar ta kuɓuce. Rubutun ba zai wuce tambaya da amsa ba: Ladidi ta je wurin mai fura, ta ce, "Inna, kin ga akuyata?" Mai fura ta ce ba ta gani ba. Ta je wurin dillali a kara, ta ce, "Baba, ka ga akuyata?" Haka wurin mai awon riɗi, haka wurin mai canjin naira da sefa, haka wurin Buzu mai raƙumi. Kowa ya ce bai gani ba. Amma a kowane hoto akuyar tana nan: ga wutsiyarta a bayan buhunan zoɓo, ga ta tana cin ganyen mai kayan miya ta bayan rumfa, ga kunnuwanta a tsakanin ƙafafun raƙuma. Malama tana karantawa, ajin gaba ɗaya ya miƙe yana ihu, "Ga ta can! Ga ta can!" Idan aka kai nan, littafi ya yi aikinsa. Ku lura kuma ba mu rubuta cewa akuyar ja ce ba, ba mu rubuta cewa kasuwa ta cika ba, ba mu rubuta cewa Ladidi ta damu ba. Duk abin da hoto zai nuna, marubuci ya janye alƙalaminsa daga kansa. Marubutanmu sun fi shan wuya a nan, domin mun saba da yalwar magana, kuma yanke jimla mai daɗi yana da ciwo.

Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, kuma dalilin daga maɗaba'a yake: babbar takarda ake bugawa a ninke ta, ta ba da shafi 8 ko 16, don haka adadin shafuka yake tafiya a kan ninkin takwas. Ku ma za ku iya gwadawa yau da dare. Ku ɗauki farar takarda guda 8, ku ninke su biyu, ku ɗinke tsakiya da zare, kun sami shafi 32. Wannan shi ne littafin gwaji, kuma babu mai zanen kirki da yake fara kala kafin ya yi shi. Shafukan farko na suna ne da bayanin ɗab'i, sai a bar wa labari wajen buɗi 14, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. A nan ake rabon: biyu ga gida da hanya, tara ga kasuwa, ɗaya babba wanda babu rubutu ko kaɗan, inda Ladidi take tsaye 'yar ƙarama a tsakiyar raƙuma, biyu ga komawa gida. Zanen wannan mataki na fensir ne, na gaggawa, mutum ya zama 'yar da'ira da sanduna. Ana gogewa, ana yagewa, ana sake jeri.

Abin da ake nema a littafin gwaji shi ne wurin juya shafi. Kun san yadda kaka take yi idan tatsuniya ta kai inda yarinya ta ɗaga murfin tukunyar da aka hana ta buɗewa: sai ta yi shiru, ta gyara zama, yara su matso har suna taka juna, sannan ta faɗa. Juya shafi shi ne wannan shirun. Tambaya tana zama a ƙarshen shafin, amsa tana bayan takarda. Idan ka ajiye tambaya da amsa a fuska ɗaya, idon yaro ya riga bakin malama, ka ɓata abin. Akwai kuma batun inda mutanen cikin hoto suke fuskanta. A littafin boko ana tafiya daga hagu zuwa dama, don haka mai fita nema yakan fuskanci dama, mai komawa gida ya fuskanci hagu. Amma yaranmu da yawa da allo suka fara, idonsu ya saba tashi daga dama. Wanda zai yi littafi da ajami, kuma ina fatan a samu, dole ya juya dukkan tafiyar hotunansa.

Yanzu sai kallo, wanda shi ne gindin maganata. Ba za ka zana kasuwar Maigatari daga ɗakinka ba. Ka sayi ƙaramin littafin zane da zai shiga aljihu, ka je ka nemi gindin rumfa ka zauna, ka gaisa da mutane, ka faɗa musu abin da ya kawo ka, domin ba kowa yake son a zana shi ba, musamman mata. Sannan ka zuba ido. Raƙuminmu tozo ɗaya gare shi. Mai tozo biyu da ake gani a wasu littattafai na tsakiyar Asiya ne. Idan yana tafiya, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare, shi ya sa yake rangaji. Da ƙafafun gaba yake fara durƙusawa, da na baya yake fara tashi. Saniya ma da baya take fara tashi, doki kuwa da gaba. Ƙwayar idon akuya a kwance take, ba zagaye ba. Tunkiyar Uda rabin gabanta baƙi ko ja, rabin bayanta fari, kuma ba ta kama da Balami ko 'Yankasa. Jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni dabam, fararen Bunaji dabam, Bokolo mai guntun ƙaho da saɓa-saɓan fata a wuya dabam. Yaron Maigatari ya san wannan duka. Idan ka yi kuskure zai gani, kuma daga ranar ya daina yarda da littafinka.

Haka itatuwa. Goruba tana rassa, giginya ba ta yi. Gawo kuwa, idan labarinka na damina ne ka zana shi da ganye shar, duk ɗan manomi zai san ba ka taɓa noma ba, domin gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake tofowa. Sararin samaniyar hunturu a nan ba shuɗi ba ne, fari-fari ne da hazo, rana tana fitowa ana iya kallon ta. Yashin jigayinmu yana da launinsa da safe, yana da wani da la'asar. Tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, a kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, tana da tsofaffin gine-gine da suka ishi mutum yin littafi guda. Hawan salla a ƙofar fadar Lautai a nan Gumel, da dawakai da 'yan lifidi da kakaki, wani littafin ne. Tarihin masarautar nan kanta, wadda ta yi zama a Tumbi kafin ta dawo Gumel, wadda ta haɗa jini da Mangawa ta yi hulɗa da Borno, yana jiran wanda zai zana wa yara shi.

Manyan masu zane na duniya ma haka suke yi. Beatrix Potter ta Ingila, wadda littafinta na zomo ya fito a 1902, zomaye take kiwo a gida tana zana su, kuma labarin ya fara ne a matsayin wasiƙa mai hotuna da ta aika wa wani yaro marar lafiya a 1893. Ezra Jack Keats na Amurka ya yanko hotunan wani ƙaramin yaro baƙar fata daga wata mujalla a 1940, ya ajiye su fiye da shekara ashirin yana kallo, sai a 1962 yaron ya zama tauraron littafinsa. Meshack Asare na Gana ya samo labarinsa daga masu ƙera 'yan ma'aunan tagulla na Ashanti, ya ci kyautar littattafai mai suna Noma a 1982. Ba wanda ya jira wahayi a cikinsu.

Sai mu zo ga abin da ya fi kowanne wuya a wurinmu. Yaya kamannin Gizo suke? Dukkanmu mun san shi. Mun san tsamin bakinsa, mun san kwaɗayinsa, mun san yadda yake yaudarar kura ya gudu ya bar Ƙoƙi da wahala. Amma a cikin duhu muka san shi, a tsakar gida, kowa da irin nasa a kai. Wani yana ganin gizo-gizo mai ƙafa takwas. Wani yana ganin wani ɗan siririn mutum mai ƙaton ciki. Shi kuwa yana noma, yana aure, yana zuwa fada ya faɗi gaisuwa, sannan idan ta ɓaci ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Mai zane ba shi da damar da mai tatsuniya take da ita ta barin abin a buɗe. Dole ya yanke shawara, kuma shawarar tana da nauyi, domin yaron da ya ga Gizonka watakila shi zai riƙe har tsufansa. Ra'ayina shi ne kada a mai da shi mutum tsantsa, kada kuma a mai da shi ƙwaron littafin kimiyya. A bar masa ƙafafunsa takwas, domin a wurin mai zane arziki ne: biyu suna gaida sarki, biyu suna riƙe da 'yar hularsa, ɗaya tana can baya cikin akushi. Ga halin Gizo gaba ɗaya a hoto ɗaya ba tare da an rubuta kalmar wayo ba. Tsamin bakin nasa kuma sai a bar wa muryar malama.

Dodo kuma fa? Maurice Sendak na Amurka, a littafinsa na 1963, dawakai ya so ya zana, sai ya ga hannunsa bai faɗa da su ba, ya koma ga dodanni, ya ɗauko kamanninsu daga kawunnai da gwaggonnin da suke zuwa gidansu yana yaro, masu jan kumatunsa. Shi ya sa dodanninsa suke ba da tsoro daidai yadda yaro zai iya ɗauka. A namu, ni na fi son kada a nuna Dodo gaba ɗaya da wuri. A nuna sawun ƙafarsa a bakin rafi, a nuna inuwarsa ta rufe rabin shafi, a bar sauran ga zuciyar yaro, wadda ta fi kowane fensir iya zana abin tsoro.

Maganar launi da bugu zan taƙaita ta. Launi huɗu maɗaba'a take haɗawa ta fitar da sauran, kuma shi ne mafi tsada. Littafi mai baƙi da launi ɗaya, a ce jan zoɓo ko shuɗin rawanin Buzu, yana iya fin mai launi barkatai kyau idan an tsara shi. Wanda za a riƙa yi wa hoto a injin kwafi kuwa, layi mai kauri yake so. Ku gwada tawadar allo, ta ƙaro da gawayi, da alƙalamin gamba: yana ba da layi mai kauri da siranta wanda biro ba ya bayarwa, kuma ƙaron a jikin dakwarar dajinmu yake. Launin fatarmu yakan dushe ya cushe a kan takarda mai araha, don haka a nemi bugun gwaji kafin a buga dubu. A bar wa rubutu fili mai haske a cikin hoton tun farko. Kada fuskar kowa ta faɗa a tsakiyar ɗinki. Kuma a tsaya a kan mai buga littafi har sai ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu, domin yaron da yake koyon karatu bai kamata a bar shi yana cankar ko ƙasa ake nufi ko kasa ba.

Wani zai ce, ai yanzu kwamfuta tana zana hoto da kanta idan ka faɗa mata. Tana yi, kuma cikin daƙiƙa kaɗan. Amma daga hotunan da ke intanet ta koya, kuma hotunan ƙauyukanmu a can kaɗan ne. Ka ce mata kasuwar dabbobi a Afirka, sai ta haɗo maka tufafin wata ƙasa da bukkar wata ƙasa da itacen wata ƙasa. Ba ta taɓa ganin dillali ya sa hannu cikin hannun mai saye suna ciniki ba. A yi amfani da waya da kwamfuta wajen ɗaukar hoton abin da za a zana, da gyara, da jera shafuka, wannan alheri ne. Kallon dai naka ne.

Akwai kuma rumbunan littattafan yara na kyauta a intanet, irin su African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, kuma suna da labarai da Hausa. Ku yi amfani da su, sun toshe babbar kafa. Sai dai da yawa fassara ce, hotunan kuma don yaran wasu wurare aka zana su. Su kansu waɗannan rumbuna a buɗe suke ga wanda zai kawo nasa. Wata ƙungiya a Afirka ta Kudu mai suna Book Dash, tun 2014, takan tara 'yan sa-kai uku-uku, marubuci da mai zane da mai tsara shafi, su zauna awa 12 su fito da littafi. Ban ga abin da zai hana a yi irin wannan a Kwalejin Ilimi ta Gumel ba: mai nazarin Hausa ya kawo labari, wanda hannunsa ya faɗa da zane ya zana, malamin firamare ya auna ko kalmomin sun yi wa ɗan aji ɗaya nauyi.

Ina roƙon malaman firamare abu ɗaya. A kowane aji akwai yaro ko yarinya da bayan littafin lissafinsu ya cika da zanen mota da doki da furen lalle. Kada bulala ta zama amsar wannan. Ku ba shi allon aji ya zana abin da ake karantawa, ku faɗa wa iyayensa cewa sana'a ce da ake ci da ita. Ku kuma masu shirin buga littafi, ku sa sunan mai zane a bangon gaba daidai da na marubuci, ku rubuta yarjejeniya tun kafin ya fara, a faɗi abin da za a biya shi da wanda zai riƙe ainihin zanen bayan an gama. Da yawa daga hotunan da muka tashi da su ba mu san waɗanda suka zana su ba, kuma wannan haƙƙi ne da aka danne.

Mataki na ƙarshe kafin maɗaba'a shi ne a kai littafin gwajin wurin masu shi. Ka tara yara biyar ko shida a inuwa, ka rufe rubutun da hannunka, ka ce su ba ka labarin daga hotuna. Ka yi shiru, kada ka taimaka musu. Idan ka zana kan raƙumi kawai a gefen shafi, wani zai tambaye ka ina sauran jikinsa, sai ka san ko yankan ya yi daidai. Idan suka kira akuyarka kare, ka koma kasuwa ka sake kallo. Idan suka tsallake wani shafi da sauri, watakila shafin ba shi da aiki, a cire shi. Inda kuwa suka tsaya suna nuna abu da yatsa suna gardama, kada ka taɓa komai a wurin.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. An ajiye fararen takardu da zare da fensir a bakin ƙofa. Duk mai son ya ga yadda ake ninka littafin gwaji, ya tsaya bayan addu'a mu yi tare.